Me ya sa zaman bin numfashi irin na mabiya Buddha yake ƙara watsa mini hankali?

Tambaya: Malam, na karanta cewa mabiya addinin Buddha suna horar da zuciya ta hanyar bin numfashi. Na gwada mako uku, minti 30 kullum kafin in kwanta. Da na rufe ido sai tunani ya yi mini caa, wani lokacin kuma barci ya sace ni. Me suke koyarwa a zahiri, kuma ina kuskurena yake?

Amsa: Ɗan'uwa, zaman bai ƙara maka tunani ba. Dama can haka zuciyar take, hidimar yini ce ke hana ka jin hayaniyarta, kamar yadda ba ka jin ƙarar agogon bango sai dare ya raba. Amma akwai kuskure na gaske a yadda ka faro, kuma shi ne kuskuren mafi yawan waɗanda suka koyi abin daga waya: ka shiga ta tsakiya.

Ka san da wannan tukuna. Addinin Buddha addini ne mai zaman kansa, bai ginu a kan imani da Mahalicci ba, kuma yana da aƙidar sake haihuwa bayan mutuwa. Zan yi maka bayani ne yadda masu shi suke koyarwa, musamman ɓangaren Terawada da ake bi a Sirilanka, Myanmar, Tailan, Laos da Kambodiya. Abin da ya dace ka ɗauka da wanda bai dace ba, wannan ka kai shi gun malamanka. Shi Buddha, sunansa Siddatta Gotama, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnat kusa da Baranasi a Indiya, ya shekara 45 yana koyarwa, ya mutu yana da 80. An daɗe ana riƙe maganganunsa da ka kafin a rubuta su da harshen Pali a Sirilanka cikin ƙarni na 1 kafin miladiyya.

Kalmar da suke amfani da ita ita ce citta, kuma Bahaushe ya fi Bature sa'ar fassara ta, domin "zuciya" tamu ta haɗa wurin tunani da wurin so da ƙi, kamar yadda citta ta haɗa. Aikin da ake yi mata sunansa bawana, wato rayawa, irin ta gona. Horon hawa uku ne: sila, kyautata hali, samadi, tattara hankali wuri guda, panya, ganin abu yadda yake. Bin numfashi yana hawa na biyu.

Dalilin wannan jerin ba na ado ba ne. An ruwaito cewa Ananda, ɗan'uwan Buddha kuma mai yi masa hidima, ya tambaye shi amfanin kyakkyawan hali. Ya ce amfaninsa rashin nadama. Rashin nadama ke kawo farin ciki, farin ciki ya kawo lafawar jiki, lafawar jiki ta kawo jin daɗi, daga nan hankali ya tattaru da kansa ba tare da an matsa masa ba. Ka gwada wannan a kanka: daren da za ka sake zama, ka lura da irin tunanin da ke zuwa. Za ka tarar da yawansu ragowar yini ne. Maganar da ka yaɓa wa wani, alkawarin da ka saɓa, bashin da kake ɓuya a kansa, gardamar da kake sake yi a ranka kana ƙaro amsoshin da ba ka bayar ba. Babu dabarar numfashin da za ta kwantar da ruwan da ake ci gaba da damawa daga ƙasa.

Mai gida da iyali ana ba shi ƙa'idoji biyar: kada ya kashe mai rai, kada ya ɗauki abin da ba a ba shi ba, kada ya yi lalata, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin da ke gusar da hankali. A ranakun ibada da ke bin kwanan wata wasu kan ƙara uku, ciki har da barin cin abinci bayan rana ta take. Masu zuhudu, waɗanda ake kira bikku, dokokinsu 227 ne. Ga mai son zamansa ya yi kyau, ƙa'idar baki ce ta fi saurin nuna tasiri, domin an faɗaɗa ta zuwa huɗu: ƙarya, annamimanci, zafafan kalamai, da surutun banza. Na ƙarshen nan mutane ke rainawa, alhali awa biyu na tsegumi a dandali ko a Facebook su ne za su dawo maka da dare kalma bayan kalma. Baki shi ke yanka wuya, har wuyan natsuwa. Buddha ya koya wa ɗansa Rahula ya riƙa duba aikinsa kamar mai duba madubi sau uku, kafin yi, ana cikin yi, da bayan an gama: shin wannan zai cutar da ni, ko wani, ko mu duka? In an riga an yi ɓarna, a faɗa wa wanda ya fi ka sani, a ƙudurta ba za a koma ba, a wuce. Ba a son mutum ya zauna yana cin kansa, domin wannan ma cikas ne mai suna, zan zo kansa.

Har tattalin kuɗi sun sa a ciki. A nasihar da ya yi wa wani saurayi mai suna Sigala, an ce a kasa abin da aka samu kashi huɗu: ɗaya a ci, biyu a mayar cikin sana'a, ɗaya a ajiye don ranar tsanani. An kuma hana mabiyi sana'a biyar: cinikin makamai, mutane, nama, kayan maye da guba.

To, zaman kansa. Abu na farko da za ka canza shi ne lokaci da tsawo. Minti 30 a bakin gado bayan tuwon dare gayyatar barci ce. Ka mayar da shi safiya, kafin ka taɓa waya, minti 10 zuwa 15, lokaci ɗaya wuri ɗaya kullum. Sai ka yi mako biyu ba fashi sannan ka ƙara minti biyar. Minti 10 na kullum ya fi awa guda ta ranar Lahadi.

Ka zauna a kan matashi mai tauri ko bargo da aka ninka, tsayinsa kamar faɗin tafin hannu, yadda ƙugunka zai ɗara gwiwoyinka tsawo. In gwiwa ta fi ƙugu tsawo, ƙasan baya zai lanƙwashe, cikin minti biyar kafaɗa ta fara ciwo, kai ya rinjayo gaba, gyangyaɗi ya biyo. Harɗe ƙafafun nan da kake gani a gumaka ba sharaɗi ba ne, kuma ya lalata wa mutane da yawa gwiwa. Kujera ma ta yi, muddin tafin ƙafa na ƙasa kuma ba ka jingina ba. Hannu a kan cinya, haɓa ta ɗan sunkuya, ido a rufe ko a ɗan buɗe yana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka.

Sai ka nemi inda iska ke taɓa ka, bakin hanci ko saman leɓe. Nan za ka tsaya. Kada ka bi ta cikin ƙirji, kada ka raka ta waje. Misalin da suke bayarwa na mai yanka katako da zarto ne: idonsa na kan inda haƙoran ke cin katakon, ba ya bin zarton gaba da baya, amma ya san yana tafiya yana dawowa. In hanci ya yi maka wuyar ji, akwai hanyar Mahasi Sayado, malamin Myanmar da ya rasu a 1982, wadda ake lura da tashi da saukar ciki, ana cewa a zuci "tashi, sauka". Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kanta aƙalla wata guda. Mai sauya wuri kullum kamar mai haƙa rijiya ne da ke barin kowane rami a kamu biyu.

Kada ka sarrafa numfashin. Wannan ne kuskure na biyu mafi yawa. Mutum ya ji an ce numfashi, sai ya hau ja da ƙarfi yana saki. Bayan 'yan mintoci jiri ya kama shi, yatsu da leɓe su yi zir-zir, ya ɗauka wani buɗi ya samu, alhali iskar da jini ke buƙatar riƙewa ce ya fitar fiye da kima. In dogo ne ka san dogo ne, in gajere ka san gajere, aikinka ke nan.

Don riƙe hankali a farko ana ƙirga. Littafin Wisuddimagga, wanda Buddagosa ya rubuta a Sirilanka cikin ƙarni na 5 miladiyya, ya ƙayyade: kada ƙirgar ta tsaya ƙasa da biyar, kada ta wuce goma. Ƙasa da biyar hankali zai ƙuntata kamar garken da aka cusa a ƙaramin shinge. Sama da goma kuma sai lissafin ya ɗauke hankalin daga numfashin. Da farko a ƙirga a hankali kamar mai awon hatsi, wanda ba ya cewa "ɗaya" sai ya cika mudun. Wato sai numfashin ya ƙare kake ba shi lamba. In ka kai goma ka koma ɗaya. In ka farga kana sha bakwai, ko ka farga kana kasuwa kana ciniki, ka koma ɗaya ba tare da tsaki ba. Idan hankali ya fara zama sai a bar ƙirgar.

Wannan komawar ita ce horon. Sun kwatanta zuciya da maraƙin da aka raba da uwarsa aka ɗaure a turke: zai yi ta fizga, ya yi tsalle, ya gaji, daga bisani ya kwanta a gindin turken. Turken numfashi ne, igiyar kuma sati, wato tuna abin da kake yi. Wanda hankalinsa ya gudu sau 50 ya dawo da shi sau 50 bai yi asarar zama ba.

Abubuwan da ke fizgar maraƙin an ƙidaya su biyar, kuma an kwatanta kowanne da ruwa a kwano da mutum ke son ganin fuskarsa a ciki. Sha'awa ruwa ne da aka zuba wa rini. Ƙiyayya ruwa ne mai tafasa. Kasala da gyangyaɗi ruwa ne da gansakuka ta rufe. Rashin sukuni da nadama ruwa ne da iska ke kaɗawa. Kokwanto kuma ruwan taɓo ne da aka ajiye cikin duhu. Amfanin sanin sunayen shi ne maganinsu ya bambanta, har wani na karo da wani. Abin da ke kwantar da mai rashin sukuni shi ke ƙara wa mai gyangyaɗi barci. Kai kuwa, biyu ne ke damunka, na uku da na huɗu, kuma sukan yi karɓa-karɓa a zama ɗaya.

Gyangyaɗi ya taɓa kama Moggallana, ɗaya daga manyan almajiran Buddha biyu, kuma matakan da aka ba shi har yau su ake bi. Ya bar tunanin da barcin ya zo a kansa. In bai tafi ba, ya maimaita karatun da ya haddace, a zuci sannan a bayyane. In bai tafi ba, ya ja kunnuwansa biyu ya murza gaɓoɓinsa. Sai ya tashi ya wanke ido da ruwa, ya dubi sararin sama da taurari. Sai ya cika zuciyarsa da tunanin hasken rana. Sai ya yi ta kai da komo. In duk wannan bai yi ba, ya kwanta ta gefen dama da niyyar tashi da zarar ya farka. Ka lura da na ƙarshen: sun yarda cewa wani barcin na gaskiya ne. Wanda ke kwana awa huɗu ba shi da matsalar natsuwa, bashin barci ke kansa. Ciki ma na da hannu. Shawarar da ake dangantawa da Sariputta, ɗayan babban almajirin, ita ce mutum ya tsame hannu saura loma huɗu ko biyar ya ƙoshi, ya sha ruwa.

Kai da komon nan horo ne cikakke. Ka sami fili mai taku 20 zuwa 30, ka tafi a hankali, hankalinka na tafin ƙafa: ɗagawa, miƙawa, saukewa. In ka kai ƙarshe ka tsaya, ka juya da sani, ka dawo. Minti 10 na wannan kafin zama yana rage gyangyaɗi da rashin sukuni duka, abin da ba kasafai magani ɗaya ke yi ba.

Tunanin da ya nace kuwa, an jera masa dabaru biyar, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. A maye shi da kishiyarsa mai kyau, kamar yadda kafinta ke fitar da babbar ƙusar katako ta hanyar buga siririya a kanta. In ya ƙi, a dubi inda zai kai mutum in ya bi shi. In ya ƙi, a kau da kai, kamar mai ido da ya juya fuska. In ya ƙi, a tambayi abin da ke hura shi, a rage masa gudu mataki-mataki, kamar mai sauri da ya ce me nake wa sauri, ya koma tafiya, ya tsaya, ya zauna, ya kwanta. Ta biyar ita ce a cije haƙora, a danna harshe a ganɗa, a murƙushe shi da ƙarfin tsiya. Masu koyo da kansu daga ta biyar suke farawa, shi ya sa suke tashi da ciwon kai da ɗaurewar goshi. An ajiye ta ne don lokacin da mutum ke gab da aikata ɓarna.

Batun ƙarfin nan yana da labarinsa. Sona ɗan masu kuɗi ne da ya shiga zuhudu, ya yi ta kai da komo har tafin ƙafarsa ya tsage, bai ga sakamako ba, ya fara tunanin komawa gida. Buddha ya san da can makaɗin wina ne, wani abin kiɗa mai tsirkiya. Ya tambaye shi: in tsirkiya ta yi tsauri ainun, tana ba da sauti? Ya ce a'a. In ta yi sako-sako fa? Ya ce a'a. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya na gyara tsirkiya ya san ba sau ɗaya ake yi ba, ana kiɗa ana taɓawa. Alamar ka ɗaure da yawa: goshi ya tattare, numfashi ya yi nauyi, haushin kanka na kama ka. Alamar ka sake da yawa: daɗi-daɗi, hazo-hazo, ƙararrawa ta kaɗa ba ka san inda ka je ba. Wannan na biyun yaudara gare shi, domin mutum na iya shekara yana yinsa yana cewa ya samu natsuwa.

Idan fushi ne ke tafasa, a ajiye numfashi a koma metta, wato fatan alheri. Ana maimaita kalmomi kaɗan a zuci, irin su "ya zauna lafiya, ya kuɓuta daga wahala", ana bin jeri: kai kanka, sai wanda kake girmamawa kamar malami, sai aboki, sai wanda ba ruwanka da shi, sai abokin gaba a ƙarshe. Kada a fara da maƙiyi, gajiya kawai za a yi. An kuma hana farawa da wanda kake sha'awa, don fatan alherin zai rikiɗe ya zama bege, da kuma mamaci. Buddagosa ya kwatanta mai riƙe fushi da wanda ya ɗebi garwashi da hannu don ya jefi wani. Akwai wani gargaɗi nasu da na fi ganin hikimarsa: kowace kyakkyawar ɗabi'a tana da maƙiyi na nesa da na kusa. Na nesa kowa na gane shi. Na kusa shi ne mai kama da ita. Tausayi na iya zama baƙin cikin da ke karya mai shi, daidaiton zuciya kuma na iya zama halin ko-in-kula. Mutumin da ya fara zama ya daina damuwa da kukan 'ya'yansa, yana cewa ya bar duniya, maƙiyi na kusa ne ya kama shi.

Ciwo kuma iri biyu ne, kada ka haɗa su. Tsamin baya, ƙaiƙayi, ƙafa ta yi nauyi, waɗannan abin lura ne. Da su ake koyon misalin kibiya biyu: ta farko ita ce zafin da jiki ya ji, ta biyu ita ce wadda mutum ke harba wa kansa, "wayyo, yaushe zai ƙare, me ya sa ni". Ka kalli zafin, ina iyakarsa, yana bugawa ne ko yana ja, za ka ga yana motsi yana canzawa. Wannan ganin canzawar shi ne ƙofar hawa na uku. Amma suka mai kaifi a cikin gwiwa, ko mutuwar ƙafa da ba ta warware ba bayan 'yan mintoci da tashi, wannan jiki ne ke gargaɗi, ka gyara zama.

In zaman ya fara nisa wasu kan ga haske, ko tsikar jiki ta tashi, ko jiki ya yi kamar ba nauyi. Littattafansu sun lissafa irin waɗannan har goma cikin abubuwan da ke ɓatar da mai koyo, domin yakan ɗauka ya iso, gobe ya zauna yana jiran su dawo. Umarnin shi ne a lura da su a koma bakin aiki.

Abin yana da haɗari kuma, su da kansu ba su ɓoye ba. A nassinsu akwai labarin wasu masu zuhudu a birnin Wesali da suka dulmuya cikin tunanin ƙazantar jiki ba mai duba su, har suka tsani rayuwarsu, da yawa suka hallaka. Bayan wannan ne aka ruwaito Buddha ya tara sauran ya koya musu bin numfashi a matsayin hanya mai sanyi. Shi ya sa a al'adarsu ba a ba kowa darasi iri ɗaya. An tanadi darussa 40, malami ke zaɓa wa ɗalibi gwargwadon halinsa. Tsarin mako takwas da Jon Kabat-Zinn ya fara a asibitin Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, wanda daga irinsa manhajojin waya da dama suka samo asali, ya ɗauki dabarar ya bar aƙidar, kuma a waya babu mai kallon fuskarka ya ce dakata.

Saboda haka in zama ya fara tayar maka da tsohon firgici, ko ka daina samun barci, ko ka riƙa jin kamar kai ba kai ba ne har bayan ka tashi, ka buɗe ido, ka taka ƙasa, ka dakatar, ka ga likita. Wanda ke shan maganin taɓin hankali ko na tsananin damuwa kada ya ajiye shi don ya fara zama. Haka kuma kada ka yi tsalle daga minti 15 zuwa zaman kwana 10 irin na cibiyoyin S. N. Goenka, wani malamin wannan horo, inda ake tashi ƙarfe 4 na asuba, a yi kusan awa 10 ana zaune kullum, kwana tara ba magana. Suna tambayar tarihin lafiyar mutum a takardar shiga, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa a wannan takardar don a karɓe shi, ana tsakiyar zaman, nesa da gida da likitansa, abin na iya fitowa.